Dutse Ɗaya, Suna Biyu



Lokacin da nake karatu a Amurka, mun taɓa yin hayar irin motar nan mai ɗakin kwana da madafa a cikinta, ni da abokan karatu uku, muka nufi yamma a hutun ƙarshen shekarar karatu. Amurkawa suna son irin wannan tafiya, domin mutum da gidansa yake yawo, inda dare ya yi masa nan ne masauki. A jihar Wayomin muka ya da zango bakin wani kogi, a gindin dutsen da Turawa ke kira Devils Tower, watau Hasumiyar Shaiɗan. Tarihin wannan suna shi ne abin da nake so mu duba yau.

Dutsen a tsaye yake kamar kututturen itacen da aka sare, tsawonsa daga gindi zuwa ƙoli ƙafa 867, jikinsa kuwa duk dogayen zane ne daga sama har ƙasa. Masana ƙasa sun ce narkakken dutse ne ya huce ya tsage haka. Su kuwa Lakota da maƙwabtansu, 'yan asalin wurin, sun ce wata dabba mai manyan farata da ake kira beyar ce ta biyo waɗansu yara, dutsen ya ɗaga su sama, ita kuma ta yi ta kartar jikinsa. Shi ya sa suke ce masa Mato Tipila, watau Masaukin Beyar, kuma wurin addu'arsu ne. Da idona na ga ƙyallayen addu'a da suka ɗaura a rassan itatuwan da ke kewaye da shi.

To, ina Shaiɗan ya shigo? A 1868 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Lakota, ta amince cewa Baƙaƙen Tsaunuka nasu ne. A 1874 sai aka ga zinariya a can. A 1875 Kanar Ricad Doj ya raka masu binciken ƙasa zuwa yankin, ya rubuta cewa mutanen wurin suna kiran dutsen hasumiyar mugun abin bauta. Masana da dama suna ganin tafinta ne ya yi tuntuɓe, domin taswirorin da suka riga shi sunan beyar suka rubuta. A 1877 aka ƙwace tsaunukan. Da Shugaba Tiyodo Rusbelt ya sa hannu a ran 24 ga Satumba 1906, dutsen ya zama wurin tarihi na ƙasa na farko a Amurka, da sunan Doj aka rubuta shi, kuma da shi ya zauna a takardun gwamnati.

Ba a nan maganar ta tsaya ba. A 1980 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a biya diyyar tsaunukan, fiye da dala miliyan 100, amma Lakota suka ƙi karɓa, suka ce ƙasar ba ta sayarwa ba ce. Daga 1995 hukumar wurin ta shiga roƙon masu hawan dutse su dakata a watan Yuni, lokacin ibadar mutanen. Kiran da shugabanninsu suka yi na a mayar da sunan asali kuwa bai samu shiga ba.

Jama'a, ku dubi yadda magana ɗaya da ta fita daga bakin tafinta, jami'i ya rubuta, ta mai da wurin addu'ar wata al'umma gidan Shaiɗan shekara kusan 150. Mu ma mun san yadda Sakkwato ta koma Sokoto a alƙalamin Bature. Saboda haka ɗalibin da zai yi fassara gobe, da ma'aikacin da zai cika takardar gwamnati, kafin ya rubuta sunan wuri ya tambayi masu wurin, ya kuma sake tambaya, domin abin da ya shiga fayil da wuya ya fita.