Farfesa Sarki Abba Abdulkadir da binciken sankarar mafitsara

Farfesa Sarki Abba Abdulkadir likita ne ɗan Najeriya, mai bincike a Jami'ar Northwestern da ke Chicago ta ƙasar Amurka. Ya shahara ne a kan sankarar furostet, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Shi ya sa jama'a ke ce mata sankarar mafitsara. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma galibi sai ta yi nisa ake zuwa asibiti.

Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1990, ya yi digirin digirgir kan garkuwar jiki a Jami'ar Johns Hopkins. Ya koyar a Jami'ar Vanderbilt kafin ya koma Northwestern a 2013.

Aikinsa ya ɗan yi kama da na injiniya. Akan sauya ƙwayoyin gadon ɓeraye da gangan, a kunna wata, a kashe wata, har cutar ta tsiro musu yadda take tsirowa ɗan'adam, sannan a bi ta mataki-mataki.

Inda ya fi zurfafawa shi ne wani furotin mai suna MYC, wanda ke umartar ƙwayoyin jiki su hayayyafa. Idan ya yi yawa, hayayyafar ba ta tsayawa, kuma yana da hannu a nau'o'in sankara masu yawa. Shekara da shekaru masana na ganin magani ba zai kama shi ba, domin ba shi da tsayayyar siffa, balle wani gurbi da magani zai maƙale. A 2019 tawagarsa, tare da masana harhaɗa magunguna, ta wallafa a mujallar Cancer Cell cewa ta samar da sinadarai biyu, MYCi361 da MYCi975, bayan tace ɗimbin sinadarai da kwamfuta. A jikin ɓeraye sun rage girman ƙari, sun kuma buɗe wa sojojin garkuwar jiki hanyar kutsawa cikinsa. Na biyun ya fi sauƙin illa.

Sakamakon na ɓeraye ne, kuma sinadarai da dama kan faɗi idan aka zo gwaji a jikin mutum. Abin da aikin ya nuna shi ne ana iya kama MYC.