Linux, Ubuntu da Danginsu: Asalin Sunayen da Abin da Ya Dace Mu Kira Su

Duk wanda ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo a Sakkwato ya nufi Wurno, Rabah ko Goronyo da ita, ya saba jin mai gyara yana cewa, "Sai an sa mata windo." Sunan hajar kamfanin Microsoft ya zama sunan abin gaba ɗaya, alhali Windows ɗaya ce kawai daga cikin manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta. Kamfanin ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta hawa tsofaffin na'urori da dama. Ke nan mai tsohuwar kwamfuta yana da dalilin sanin sauran sunayen.

Ita kalmar manhaja daga Larabci muka aro ta. Malaman makaranta sun daɗe suna cewa manhajar karatu, kafin a yafa wa duk wani shiri da ke aiki a kwamfuta ko waya wannan riga. Wadda ke riƙe da ragamar na'urar duka, sauran su hau kanta, ita ce babbar manhaja. Linux ma tana cikin wannan aji.

Sunan Linux ya fito daga Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, wanda ya fara aikin a 1991. Shi Freax ya so ya raɗa mata, amma Ari Lemmke, wanda ya ba shi wurin ajiya a intanet, ya rubuta Linux a kan ma'ajiyar, sunan ya bi ta. Abin da Linus ya rubuta shi ne ƙwayar ciki, mai sasanta sauran manhajoji da ƙarfen na'ura. Wannan ƙwaya ce kuma ke cikin wayoyin Android, wato mai sayar da albasa a Marnona da ke duba WhatsApp yana aiki da Linux bai sani ba.

Ƙwaya kaɗai ba ta isa aiki. Kayan da suka kewaye ta da yawa sun fito daga shirin GNU, wanda Richard Stallman ya sanar a Amurka a 1983. Sunan wasa ne da haruffa, ma'anarsa "GNU ba Unix ba ce", Unix ɗin wata tsohuwar babbar manhaja ce, sunan kuma ya yi daidai da na wani naman daji mai ƙaho na kudanci da gabashin Afirka. Shi ya sa har gobe magoya bayan Stallman ke cewa adalci shi ne a kira ta GNU/Linux.

Da yake kowa na da ikon tattara waɗannan kaya ya fitar da nasa haɗin, sai sunaye suka yawaita. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, ya manna sunan budurwarsa Debra da nasa. Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya gina Ubuntu a kan Debian, ya ɗauko sunan daga harsunan Zulu da Kosa, inda kalmar ke nufin mutuntaka. Fitowarta ta farko a Oktoban 2004 aka sa mata lamba 4.10, da laƙabin gadu. Lambar shekara ce da wata, don haka 24.04 na nufin Afrilun 2024. Daga Ubuntu kuma Linux Mint ta tsiro a 2006. Sunanta na nufin na'a-na'a, fuskarta kuma da ake gani a allo sunanta Cinnamon, wato kirfa. Idan ka ji Lubuntu ko Xubuntu, Ubuntu ce aka sauya wa fuska da mara nauyi domin kwamfutar da ƙarfinta ya ja baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunan da ya haɗa su duka. Turawa suna cewa free, kalmar da ke ɗauke da ma'ana biyu: abin da ba a biya ba, da abin da ba a ɗaure ba. Wannan ruɗani na cikin abin da ya sa a 1998 Christine Peterson ta kawo shawarar a riƙa cewa open source, ma'ana tushen manhajar a buɗe yake ga mai son karantawa. Hausa ba ta da wannan matsala, domin kyauta daban, 'yanci daban. Duk da haka sau da yawa za ka ji an ce "manhajar kyauta", kuma nan ne kuskuren yake. Facebook kyauta ake shiga, amma ba mai ikon buɗe cikinsa ya sauya ko harafi. Manomin fadamar Wurno ya san bambancin: akwai irin da ake raba maka bana, baɗi ka koma ka roƙa, akwai kuma wanda za ka ɗebe daga gonarka, ka zaɓi mai kyau, ka ba maƙwabci. Lasisin GPL, wanda aka saki Linux a ƙarƙashinsa, na irin na biyu ne. Ya ba ka damar amfani, nazari, gyara da rabawa, da sharaɗin wanda ka ba shi ma ya samu wannan dama. A ganina "'yantacciyar manhaja" ce sunan da ya dace, "buɗaɗɗiyar manhaja" kuma ta tsaya wa kalmar 1998.

Wannan 'yanci ya taɓa yin aiki a gida. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Leapsoft ya fitar da Wazobia Linux mai magana da Hausa, Yarbanci da Ibo. Sunan kansa "zo" ne sau uku: wa na Yarbawa, zo namu, bia na Ibo. A 2007 kuma an raba wa 'yan firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutocin XO masu aiki da Linux. Yau idan ka ɗora Ubuntu ko Mint a filashi, za ka iya kunna kwamfuta da ita ba tare da goge komai ba. Ka shiga saitin madannai, za ka tarar da Hausa ta Najeriya a jeri, ka rubuta ƙ, ɗ da ɓ, "ƙasa" ta daina zama "kasa". Sai dai fassarar sauran allon zuwa Hausa ba ta kammala ba.

Sauran kalmomin suna jiran masu raɗa musu suna. Na yi amfani da "ƙwaya", "haɗi" da "fuska" a nan, wani yana iya kawo waɗanda suka fi su. Mayar da ilimi harshen gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi har ya rasu a 1837, inda 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa domin karatu ya kai ga matan karkara. Ƙofar fassara Ubuntu, fuskarta GNOME da manhajar ofis ta LibreOffice a buɗe take ga kowa, ba a neman takardar shaida. Malaman kwamfuta da ɗalibai na Wurno, Rabah da Goronyo, ku shiga ku sa hannu, domin kalmar da aka fara gani a allo ita ce za ta zauna a bakin yaranmu.