Rugugin Babura Don Waɗanda Ba Su Dawo Ba

A Urafane, da ma duk ƙasar Tasawa da Mayahi, babur ba baƙo ba ne. Shi ke kai mai naƙuda likita cikin dare, shi ke ɗauko buhun gero daga ƙauye, shi ke ratsa rairayin da mota kan kafe a ciki. In kuwa aka ji babura da yawa sun taso a jere suna oda, an san ko dai amarya ake rakiya, ko wani ɗan siyasa ya shigo gari. A 'yan shekarun nan an samu wata fassarar mai sa gaba ya faɗi, domin 'yan bindiga ma a kan babur suke zuwa, har ta kai hukuma ta hana hawansa a jihar Difa a 2015, sannan a wasu sassan Tilaberi a farkon 2020. Saboda haka in aka ce wa mutumin nan akwai ƙasar da babura dubbai kan taru a ƙofar hedkwatar soja, 'yan sanda na share musu hanya, jama'a na tafa musu, zai ji abin banbaraƙwai, namiji da suna Hajara. Amma akwai, kuma abin ya shekara talatin da 'yan kai ana yi a Washinton, babban birnin Amurka. Sunan da gangamin ya fara da shi Rolling Thunder.

Tushensa yaƙin Biyetnam ne. Bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Faris a watan Janairun 1973, an sako fursunonin yaƙi Amurkawa 591, suka koma gida. Amma sama da mutum 2,500 ba a san makomarsu ba: babu su, babu gawarsu. Duk wanda ya taɓa zaman jiran ɗan da ya tafi cirani Libiya aka daina jin ɗuriyarsa ya san wannan ciwon. Mutuwa ana yi mata zaman makoki, a yi sadakar uku, a yi ta arba'in, zuciya ta fara sanyi. Ɓata ba shi da ranar ƙarewa. Iyalan waɗannan sojoji suka kafa ƙungiyarsu, suka yi baƙar tuta mai ɗauke da inuwar kan fursuna da waya mai ƙaya a bayansa, suka dinga matsa wa gwamnati. Da yawansu sun yi imani cewa akwai sauran 'yan uwansu da rai a tsare, kuma hukuma ta sani tana rufa-rufa.

A watan Nuwamban 1982 aka buɗe bangon tunawa da sojojin Biyetnam a tsakiyar Washinton. Wata ɗalibar jami'a mai shekara 21, Maya Lin, ita ta zana shi. Baƙin dutse ne mai sheƙi, an sassaƙa sunaye sama da 58,000 a jikinsa, ba bisa muƙami ba, bisa ranar da mutum ya faɗi, ta yadda janar da kurtu kan zo kafaɗa da kafaɗa. Kowane suna da 'yar alama kusa da shi. Alamar wanda aka tabbatar ya mutu daban, ta wanda ya ɓata daban, kuma duk ranar da aka gano ƙasusuwan ɓataccen sai masassaƙi ya zo ya gyara alamar.

A gindin wannan bango, a 1987, wani tsohon kofur mai suna Ray Manzo ya gamu da tsofaffin sojoji masu zaman dirshan suna kira a nemo waɗanda aka baro. Maganar ta tsaya masa a rai. Dabarar da ta zo masa mai sauƙi ce: takardar koke ana iya jefa ta a aljihun tebur, zanga-zangar ƙafa ana iya rufe taga a ƙyale ta, amma ƙarar babura dubu ba ta da maganin toshe kunne. Ya shiga rubuta wasiƙu zuwa ƙungiyoyin mahaya. Ya haɗu da wani tsohon saje, Artie Muller, wanda daga baya ya zama ginshiƙin tafiyar, tare da John Holland da Walt Sides da Ted Sampley. Suka zaɓi ƙarshen makon ranar tunawa da sojojin da suka mutu, wadda Amurkawa ke yi a Litinin ta ƙarshe ta watan Mayu. A 1988 babura wajen 2,500 suka amsa kira. Ba biki suka zo yi ba. Su da kansu zanga-zanga suke kiran abin, kuma ba su daina kiransa haka ba har ƙarshe.

Sunan kuwa akwai magana a cikinsa. Ma'anarsa tsawa mai mirginawa, irin rugugin hadarin da ke tasowa daga gabas cikin watan Agusta. Amma ba daga hadari suka ɗauko shi ba. Sunan ruwan bama-baman da jiragen Amurka suka yi wa Biyetnam ta Arewa ne daga Maris 1965 zuwa Nuwamban 1968. A ganina nan gangamin ya yi tuya ya manta da albasa. Mutanen da aka zuba wa waɗannan bama-bamai su ma suna da nasu ɓatattun, kuma nasu sun kai ɗaruruwan dubbai, sun ninka na Amurka nesa ba kusa ba. Kowa nasa yake kuka, haka duniya take, sai dai mai karatu ya san cewa sunan da ke sa wani alfahari, wani hawaye yake sa shi.

Daga babura 2,500 ɗin nan abu ya yi ta haɓaka kamar wutar daji a rani. Cikin 'yan shekaru aka koma ƙidayar dubbai goma-goma, daga baya aka shiga maganar ɗaruruwan dubbai in an haɗa mahaya da 'yan kallo. Wanda zai je ba a ranar yake shiri ba. Tun watanni kafin Mayu ake kama ɗakin kwana, a duba taya da birki, a nemi abokan tafiya, domin mafi yawa a ayari suke zuwa, kamar fataken da. Tun 1989 akwai wani ayari na dabam, Run for the Wall, da ke tasowa daga Kalifoniya, ya yi kwana goma a hanya, yana yada zango a asibitocin tsofaffin sojoji da makarantu, mutanen ƙauyuka na ba su abinci, wani wurin har da mai. Nisan ya haura kilomita 4,000, wato ka yi Maraɗi zuwa Yamai sau shida ba ka kai ba. In an taru a Washinton, ranar Juma'a da dare a kunna kyandirori a gindin bango. Ranar Lahadi tun asuba a fara cika filin ajiye motoci na Pentagon, wato hedkwatar sojan, a yi ta gasuwa a rana har tsakar rana, sannan a saki layi. A haye gadar kogin Potomac, a zagaye dandalin tsakiyar birni, a ƙare kusa da bangon sunaye. Tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, 'yan kilomitoci ne, amma kafin babur na ƙarshe ya wuce an ci sa'o'i. Tun 2002 akwai wani tsohon soja da kan tsaya a tsakiyar titi cikin kaki, hannu a goshi yana sara musu, ba ya saukewa sai sun gama wucewa.

A 1995 aka yi wa tafiyar rajista ta zama ƙungiya mai ofis a jihar New Jersey, Muller na jan ragama, ta yi rassa wajen 90 a faɗin ƙasar. Ba dole sai ka yi soja ba, ba dole sai kana da babur ba. Aikinta na sauran watannin shekara bai da ƙara: ziyarar marasa lafiya, taimaka wa tsohon sojan da haya ta ci ƙarfinsa, da zirga-zirga a majalisa don a tsaurara ƙa'idar ayyana ɓataccen soja a matsayin matacce. Baƙar tutar nan ma ta samu gindin zama, har a Nuwamban 2019 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta ɗaga ta kullum a manyan gine-ginen gwamnati.

Sai dai babbar maganar da aka kafu a kanta ba ta tabbata ba. Kwamitin majalisar dattawa da John Kerry ya shugabanta, wanda John McCain, shi kansa tsohon fursunan yaƙin Biyetnam, ke ciki, ya yi bincike daga 1991, ya fitar da rahoto a Janairun 1993 cewa bai samu ƙwaƙƙwarar hujjar akwai sauran Ba'amurke da rai a tsare ba. Mahayan da dama ba su yarda ba. Amma matsin nasu bai tafi a banza ba: har yau gwamnatin Amurka na biyan masu tono da masu gwajin ƙwayoyin halitta suna bin dazuzzukan Biyetnam da Lawos, kuma adadin waɗanda ba a gano ba ya sauko zuwa 1,500 da ɗoriya.

Inda taro ya yi yawa, 'yan siyasa ba sa nisa. George Bush ƙarami ya karɓi shugabannin ƙungiyar a fadarsa, Donald Trump ya yi jawabi a gangamin 2016 yana neman ƙuri'a. Girman kuma ya zo da nauyinsa. A ƙarshen 2018 Muller ya sanar cewa na 2019, karo na 32, shi ne na ƙarshe a Washinton. Dalilansa: kuɗin shiryawa ya kai wajen dala 200,000 a shekara, ga rashin jituwa da jami'an Pentagon kan fili da shiga da fita. Su ma waɗanda suka faro abin tsufa ya cim musu. Wata tsohuwar ƙungiyar mazan jiya, AMVETS, ta karɓi tutar da sabon suna, Rolling to Remember, ta ƙara masa batun tsofaffin sojojin da ke kashe kansu bayan sun dawo gida. Annobar korona ta hana taron 2020, kowa ya hau a garinsu. A 2021 da Pentagon ta hana fili, sai suka taru a harabar filin wasa na RFK.

Abin da ya sa na ga labarin ya shafe mu shi ne, kafin Amurkawa su taka Biyetnam da yawa, namu sun riga su. Daga 1946 zuwa faɗuwar sansanin Diyen Biyen Fu a Mayun 1954, Faransa ce ke yaƙi a can, kuma cikin rundunarta akwai sojojin da ta kwasa daga yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma, har da 'yan Nijar. Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, yana cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi na Indocin da kuma na Aljeriya. Waɗanda suka dawo, dokar Faransa ta Disambar 1959 ta daskarar da fanshonsu daga lokacin samun 'yancin kai, abokan ramin yaƙinsu Faransawa kuwa nasu na ƙaruwa duk shekara. Ba su da babura dubu da za su girgiza tagogin Faris. Sai da wani tsohon saje ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara aka yi hukunci a 2001, sai da fim ɗin Indigènes ya tayar da ƙura a 2006, kuma ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai farkon 2011. A lokacin yawancin masu haƙƙin suna ƙasa.

Ba ina kira a tara babura a Tasawa ba ne. A halin da ake ciki ba mai hankalin da zai nemi haka. Abin da nake roƙo ya fi wannan araha. A gidaje da yawa na ƙasar nan akwai tsohuwar akwati da littafin soja ko lambar yabo a ƙasanta, akwai tsohuwar da ke iya faɗin sunan ƙanin babanta da aka ɗauka soja bai dawo ba. Hakimai da masu gari, da magadan garin Urafane, Tasawa da Mayahi, da malaman makaranta: a bi gida-gida a rubuta sunayen nan a littafi, da sunan ƙauye, da inda aka kai mutum, tun masu iya faɗa suna da rai.