Kabewa mai ɗaci: illarta da yadda za ka ajiye iri mai kyau

A yankin Anka, Gummi da Bukkuyum, gidaje da yawa kan cire 'ya'yan kabewar bana su adana don shukar baɗi. Al'ada ce mai kyau, sai dai tana buƙatar kula, domin kabewa ko duma mai ɗaci kan jawo rashin lafiya mai tsanani.

Me ke kawo ɗacin?

Wani sinadari ne mai suna kukurbitasin, wanda dangin kabewa ke kare kansu da shi daga ƙwari da dabbobi. Kabewar ci ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Idan ƙudan zuma suka kwaso garin fure daga 'yar uwarta mai ɗaci suka kai kan furenta, kabewar bana ba za ta sauya ba, amma 'ya'yan cikinta na iya haifar da mai ɗaci baɗi. Haka duma mai daɗi kan gauraya da mai ɗaci. Fari da tsananin zafi ma kan ƙara sinadarin. Dafuwa ba ta kashe shi.

Alamomi

Cikin mintuna zuwa sa'o'i kaɗan bayan ci:

- murɗawar ciki da amai
- gudawa, wani lokaci da jini
- jiri da faɗuwar bugun jini

A 2015, wani dattijo ɗan shekara 79 ya rasu a Jamus bayan cin abincin da aka dafa da irin wannan kabewa.

Abin yi

Babu maganin da ke karya wannan guba. A ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan akwai jini a amai ko bayan gida, ko ƙarancin fitsari, ko suma, a garzaya babban asibiti mafi kusa. Yaro, tsoho da mai juna biyu kuwa, kada a jira.

Rigakafi

- Kafin ka sa kabewa a miyar taushe, ɗanɗana ɗan yanki ɗanye. In da ɗaci, tofar ka zubar da ita duka.
- Cire iri daga kabewar da ta nuna sosai, wadda ka tabbatar da daɗinta.
- Wanke shi, ka shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, ka adana inda babu danshi.
- Kada ka ci ko ka ɗebi iri daga wadda ta tsiro da kanta a juji.