Asalin Kalma: "Kan" da 'Yan Uwanta

"Kan" ɗin da ke cikin "a kan tabarma" asalinsa "kai" ne, aka liƙa masa -n ta mallaka. Haka "cikin" ya fito daga ciki, "bayan" daga baya, "bakin" daga baki, "gindin" daga gindi. Da sassan jikinsa Bahaushe ya auna wuri: gindin tsamiya, bakin rijiya, bayan gari. Daga nan kalmomin suka ƙetara zuwa lokaci da dalili: bayan la'asar, cikin damina, a kan gona suka yi shari'a.

A Dingyadi da sauran garuruwan ƙasar Bodinga, maimakon "kan", bakin Basakkwace ya fi sabawa da "bisa": yaro ya hau bisa jaki, an aza buhun gero bisa amalanke. Hausa ce tsantsa, bai kamata a hana ɗalibi rubuta ta ba.

Inda yaro ke tuntuɓe a darasin Turanci shi ne ƙaramar "a". Ita kaɗai ke ɗaukar "a gida", "a ranar Juma'a" da "a 1804", alhali Bature ya raba su uku: at, on, in. Malamin da ya fara nuna wa yara wannan rabon da misalan harshensu ya sauƙaƙa musu aiki.