Abin da doka ta ce kan ƙwace mota idan bashi ya taru

Bara aka ɗauke wa Babana motar da yake kawo shanu Oko-Oba a Agege, don ya kasa biyan wata biyu. Sai daga baya muka san doka.

Dokar sayen kaya kan biya kaɗan-kaɗan ta 1965 ta ce in ka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai ita ba zai ƙwace ta ba sai ta kotu. In biya uku suka taru maka, zai iya ɗauka ya ajiye, amma hukunci na kotu ne.

Baba ya biya fiye da haka, sai dai rasit ɗinsa sun ɓace. 'Yan uwa, ku adana kowane rasit.