Yadda Wata Ƙungiya a Luwiziyana Ta Zaunar da Iyaye da 'Ya'yansu Gaban Littafi Ɗaya

A wasu ɗakunan karatu na jihar Luwiziyana, can kudancin Amurka, akwai daren da ba a rufe ƙofa da wuri. Da magariba ta kawo jiki sai a jera kujeru, a ajiye abinci a kan tebur. Iyaye su fara shigowa riƙe da hannun 'ya'yansu, wasu ko gida ba su biya ba daga wurin aiki, wasu kaka ce ta kawo jikokinta. Sai an ci an sha tukuna. Daga nan mai ba da labari ya ɗaga littafin yara mai hotuna yadda kowa zai gani, ya karanta da ƙarfi, yana sauya murya, yana jan kalma inda ya kamata a ja. Idan ya kai ƙarshe sai wani malami, galibi daga jami'a, ya karɓa. Ba ya tambayar sunan jarumin labarin ko launin rigarsa. Tambayarsa ita ce: abin da aka yi wa wannan yaron adalci ne? Da ke ce, me za ki yi? Ɗan shekara bakwai ya ba da amsa, mahaifiyarsa ta ce ba ta yarda ba, malamin ya ce to kowa ya kawo hujjarsa daga cikin labarin. Awa ɗaya da rabi ake yi, sau ɗaya a mako, har mako shida, kuma kowane iyali na komawa gida da littattafan da za a tattauna a zama na gaba.

Sunan shirin Prime Time. Ƙungiyar da ta ƙirƙiro shi kuwa ita ce Louisiana Endowment for the Humanities, wadda aka fi sani da LEH, mai mazauni a birnin New Orleans. Iyalan ba sa biyan ko sisi. Amma abincin nan sayensa aka yi, littattafan ma haka, mai ba da labari da malamin kuma ana sallamarsu. Wanda ya bi sawun kuɗin nan zai ga tarihin ƙungiyar gaba ɗaya, domin duk lokacin da hanyar samunta ta sauya, kamannin aikinta ma sai ya sauya.

Tushen abin yana birnin Washington. Ranar 29 ga Satumba, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumomi biyu na tarayya, ɗaya don fasahar zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, ɗaya kuma, wato NEH, don fannonin da ke nazarin ɗan'adam ta hanyar abin da ya faɗa, ya rubuta, ya yi imani da shi: tarihi, adabi, harsuna, falsafa, nazarin addinai. Zamani ne da Amurka ke zuba dukiya a kimiyya saboda gasar da take yi da Tarayyar Sobiyet, malaman waɗannan fannoni kuma suka ce ƙasar da ta iya ƙera roka tana bukatar mutanen da za su iya tambayar me za a yi da ita.

Da farko kuɗin NEH jami'o'i da manyan ɗakunan ajiye littattafai suke tafiya. Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island, wanda yake cikin iyayen dokar, bai gamsu da haka ba. So yake a ga amfanin kuɗin a garuruwa, a wurin mutanen da ba su taɓa taka jami'a ba. Matsin lambarsa ya sa a farkon shekarun 1970 aka fara kafa kwamitoci a jihohi, na Luwiziyana kuma ya samu a 1971, da sunan kwamiti kawai. An yi ta ja-in-ja a kan ko waɗannan kwamitoci su zama ma'aikatun gwamnatin jiha ko su tsaya da ƙafafunsu. Inda aka tsaya shi ne tsakiya: ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ba riba suke nema ba, kowacce da majalisar amintattunta ta 'yan sa-kai, gwamna yana naɗa kaɗan daga ciki amma ba shi da rinjaye. Yau irinsu 56 ne a jihohi da yankunan Amurka.

Akwai wani sharaɗi a dokar da ya fi kowanne tasiri. Tarayya ba ta ɗaukar nauyin aikin duka. Kowace dala da ta bayar sai an kawo kwatankwacinta daga wani wuri. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai ba lallai ba ne kwatankwacin ya zama tsabar kuɗi. A ɗauki ƙaramin gidan tarihi a wani gari na karkara da ke son shirya baje kolin tsoffin hotunan masu noman rake. Zai rubuta wa LEH takardar neman tallafi, ya faɗi malamin tarihin da zai duba aikin, domin ba a ba da kuɗin sai da hannun masani a ciki, ya kuma tabbatar cewa ƙofa a buɗe take ga kowa. A gefe guda na takardar kasafi zai rubuta abin da yake nema. A ɗaya gefen zai rubuta abin da gari ya kawo: zauren taro da majami'a ta bayar kyauta, a ƙiyasta kuɗin hayarsa, awannin da tsohuwar malamar makaranta ta kwashe tana tantance hotuna, a ƙiyasta ladansu, sanarwar da gidan rediyon garin ya yi ba tare da ya karɓi komai ba. Aikin gayya ne aka ba shi farashi aka shigar da shi littafin lissafi. Ni a ganina wannan dabara ce mai daraja mutane, domin tana nuna wa gari cewa ba bara ya zo yi ba, rabin kayan nasa ne.

Shekarun farko na ƙungiyar a kan haka suka tafi, karɓo daga tarayya, rarraba wa masu nema. An ma ƙayyade musu cewa tarukan su tsaya a kan batutuwan manufofin gwamnati, sai da aka gyara dokar a 1976 aka sassauta. Sauyin gaske ya zo ne bayan Michael Sartisky ya karɓi ragama a 1982, ya kuma riƙe ta fiye da shekara talatin. A zamaninsa kwamitin ya ɗauki sunan da yake amsawa yau, ya kuma daina zama mai rabon kuɗi kaɗai, ya shiga shirya nasa ayyukan. Aka fara zaman karatu na manya a ɗakunan karatun gundumomi, inda mutane ke karanta littattafai a kan jigo ɗaya su tattauna da malami. Aka shirya kwasa-kwasan hutun bazara don malaman makaranta. Aka tallafa wa masu shirya finafinan tarihi. A 1990 aka fitar da mujalla mai fitowa sau huɗu a shekara, Louisiana Cultural Vistas.

Abin rubutawa kuwa bai yi ƙaranci ba. Luwiziyana ƙasa ce da Faransa da Sifaniya suka mulka kafin Amurka ta saye ta a 1803, shi ya sa har yau gundumominta 64 suke amsa sunan da aka gada daga rabon yankunan majami'a. A nan ne zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, da Faransawan da aka koro daga Kanada, da 'yan asalin ƙasar, suka cuɗanya suka haifar da harsuna da girke-girke da kiɗan da duniya ta sani. Amma jihar nan mai arzikin al'ada ta daɗe tana cikin na ƙarshe-ƙarshe a Amurka idan ana maganar talauci da iya karatu.

Nan ne gizo yake saƙa. Wanda ya zo zaman karatun manya, ko ya sayi mujalla, dama mai karatu ne. Gidan da babu littafi ko ɗaya, wanda uwa ke jin nauyin shiga ɗakin karatu don ita kanta ba ta ji daɗin makaranta ba, duk waɗannan ayyuka sun wuce ta kansa. Prime Time, wanda aka fara gwadawa a 1991 a ɗakin karatun gundumar da birnin Baton Rouge yake, amsa ce ga wannan giɓi. Waɗanda suka tsara shi sun zauna sun lissafa abubuwan da ke hana iyali fitowa da dare, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a dafa abincin dare ba? Ga abinci. Babu mota? A taimaka da abin hawa. Wa zai riƙe ƙanin? A ware wa ƙanana 'yan shekara uku zuwa biyar nasu ɓangaren, su ma da nasu labarin, yayin da 'yan shida zuwa goma ke tare da iyaye. Ana kuma ɗan tsakuro lokaci ma'aikacin ɗakin karatu ya nuna yadda ake yankar katin aron littafi da irin hidimomin da ake yi kyauta.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da shirin ya ƙi yi. Ba ajin koyon baƙaƙe ba ne, ba a gwada kowa, ba a sa uba ya karanta a gaban ɗansa ya yi ta tuntuɓe. An ɗauka cewa matar da ke wanke-wanke a otal tana da abin faɗa a kan kwaɗayi da jarumta da riƙon amana, kuma abin da za ta faɗa ya cancanci malamin jami'a ya saurara. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya bayan sallar isha ya san wannan zama, ya san yadda gardama kan halin Gizo take kai yara har barci. Bambancin kawai shi ne a nan labarin yana cikin littafi, yaron kuma yana ganin cewa daga takardar nan daɗin ya fito. Daga baya, da tallafin NEH da haɗin gwiwar ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka, shirin ya fita daga Luwiziyana ya kai jihohi kusan 40, aka kuma yi masa tsari da harshen Sifaniyanci don iyalan baƙin haure.

Nasarar ta jawo kuɗin gwamnatin jiha, har kason ya kai kusan dala miliyan 2 a shekara. Ƙungiyar ta sayi mazauninta, wani tsohon gini da Jamusawa mazauna New Orleans suka gina a 1868 don motsa jiki da taruka. Sai guguwar Katrina ta auka wa birnin a ƙarshen Agusta 2005, ruwa ya shanye mafi yawansa, ɗakunan karatu suka lalace, aka sallami akasarin ma'aikatansu, iyalan da shirin ke yi wa hidima suka watsu a wasu jihohi. Ba a gama farfaɗowa ba, tsuke bakin aljihu na zamanin Gwamna Bobby Jindal ya iso, aka yi ta zaftare kason jiha har ya koma babu.

Dole ta sa aka juya ga gidauniyoyi da kamfanoni, irin su gidauniyar Kellogg da kamfanin mai na Shell. Ba zan ɓoye damuwata a nan ba. Gaɓar tekun Luwiziyana tana zaizayewa, kuma magudanan da masu haƙar mai suka yanka cikin fadamu suna daga cikin dalilan. Ƙungiyar da aikinta shi ne buɗe wa jama'a fagen yin tambaya, idan tana karɓa daga hannun masu mai, sai ta riƙa sa wa kanta ido kullum. Ban ce kada ta karɓa ba, domin yaran da ke jiran littafi ba za su jira a gama muhawara ba. Amma mai bayarwa yana da abin da yake so a gani, kuma ya fi son hoton yaro da littafi a kan albashin akawu ko kuɗin wutar ofis.

A 2014 Miranda Restovic, wadda ta fito daga cikin shirin Prime Time, ta zama shugaba. Bayan shekara biyu ƙungiyar ta ɗauki matakin da ya fi kowanne girma: ta karɓi tafiyar da makarantun share fage na Head Start a gundumar Ouachita, arewacin jihar, daga baya ta ƙara da yankin Lafayette. Head Start shiri ne na tarayya don 'ya'yan marasa ƙarfi, shi ma a 1965 aka haife shi, cikin yaƙin da Johnson ya ƙaddamar da talauci. Kwamitin da ya fara da raba ƙananan tallafi ya wayi gari yana da azuzuwa, da malamai, da masu dafa abinci. Kasafinsa ya kumbura, amma kuɗin Head Start na Head Start ne. Ba a taɓa shi don buga mujalla ko taimakon gidan tarihin karkara.

Sauran ci gaban ya zo a jere. A 2018 mujallar ta koma 64 Parishes, wato gundumomi 64, aka haɗe ta da kundin sani na intanet a kan jihar. Lokacin annobar korona a 2020 LEH ce ta raba agajin gaggawa na tarayya ga gidajen tarihi da cibiyoyin al'adu da suka rufe. A 2022 aka buɗe zaure a ƙasan ginin nata don ayyukan John Scott, mai sassaƙa ɗan New Orleans da ya koyar shekara 40 a Jami'ar Xavier.

A farkon Afrilu 2025 wasiƙu suka iso wa dukan ƙungiyoyin 56 ta imel, cikin dare, cewa gwamnatin Shugaba Donald Trump ta soke tallafin NEH nan take, har da wanda aka riga aka amince a biya. Kasafin NEH duka a lokacin dala miliyan 207 ne, kason jihohi kuma kusan miliyan 65, wanda a ma'aunin kasafin Amurka bai kai cikin cokali ba. LEH ta fi takwarorinta da yawa ƙafafun tsayawa, amma kuɗin da aka yanke shi ne wanda ba ya ɗaure hannu, wanda ake ba ƙananan garuruwa da ba su da kamfani ko attajirin da zai waiwaye su. A ƙarshen watan gidauniyar Mellon ta ba da dala miliyan 15 na ceto: dubu 200 ga kowace ƙungiya, da ƙarin dubu 50 idan mutanen jiharta sun tara kwatankwacinsa. Ƙungiyar jihar Oregon da tarayyar ƙungiyoyin suka garzaya kotu, a watan Agusta kuma alƙalin tarayya Michael Simon ya ce majalisa ce ke da ikon ware kuɗin, ya hana a karkatar da su wani wuri kafin a kammala shari'ar.